Taurin Kifin Firigo

Na buga kifin a kan teburin mai kifi, ya ce ƙwas kamar dutse. Haka muke gwada kifin firigo a kasuwar Gidan Rumji, in ya yi tauri to lafiyayye ne.

Ina isa gida ƙanwata Hadiza, ma'aikaciyar jinya, ta ga jini daskare a gindin ledar.

"Yaya, wannan ya taɓa narkewa. An ɗauke wuta, ƙwayoyin cuta suka hayayyafa, da aka maido ya sake daskarewa."

Na ce, "Ashe sanyi ba ya kashe su?"

"Barci kawai yake sa su."

Ga surukaina bisa hanya daga Cadakori, ga mai a wuta. Jama'a, in taurin ma yaudara ce, da me za mu gane na kirki?