Injin da Malam Bai Taɓa Kwancewa Ba

Idan ka shigo Tudun Wada kana neman mai gyaran fanka, shago ɗaya za a nuna maka, wanda aka rubuta wa "Kailani Mai Naɗi" da jan fenti. Mijina ne. Sunan ma don yana jikin allo ne na kawo shi, amma ni shekara talatin da biyu ke nan Malam nake ce masa.

Naɗin waya ne sana'arsa. Fanka ta ƙone, injin jan ruwa ya tsaya, injin markaɗe ya fara hayaƙi, daga Gyallesu har Hanwa gare shi ake kawowa. Yakan shinshina abu ya ce maka ga inda ya ƙone, ya buɗe kuma ka ga haka ne. Aibinsa ɗaya, kuma babba: Malam ba ya yarda da abin da bai kwance ya ga cikinsa ba. Satinmu biyu da aure ya wargaza rediyon da kawuna ya ba ni, wai yana son ya ga mai magana a ina yake zaune. Ya mayar da ita dai, har ta fi da kyau, amma na yi kwana uku ban yi masa magana ba.

To, wannan mutumin ne olsa ta kama. Ta hana shi yaji, ta hana shi tsami, duk bai damu ba. Abin da ya karya shi azumi ne. Shekara bakwai a jere yana ɗauka, kuma bai taɓa wuce kwana uku ba. A shekara ta huɗu har jini ya amayar, likita ya ce ya ajiye. Duk da haka kowace shekara sai ya gwada, in ya kasa ya koma ciyarwa. Da rana in aika masa kunu a rufe cikin leda, ya shige bayan tulin matattun fankoki ya sha kamar wanda ya sato. Malamai sun gaya masa babu laifi a kansa, ya ce ya sani. Amma duk magariba idan aka kira salla muka kai dabino baki, sai ya sunkuyar da kai yana wasa da yatsu. Wallahi abin yana ci mini rai.

Kuma fa maganin yana nan. Sau biyu ana yi masa gwaji a asibiti ana cewa wata ƙwayar cuta ce a tumbinsa, a ba shi magani na mako biyu. Sau biyu yana sha kwana huɗu ya watsar, wai bakinsa na ɗaci kamar ya tsotsi tsohon kwabo. Ya koma wa madara da jiƙon kanwa.

"Likitocin da kansu suka ce akwai asid a cikin mutum," in ji shi. "Ni na san asid. Ruwan batir ya cinye mini wando nawa? Abin da ke cin ƙarfe, wai wata ƙwaya ce zaune a ciki tana shan iska. Yunwa ce da tunani, ke dai bar su."

Na ce, "Oho dai. Kai da cikinka."

Ƙarya nake, ban bar shi ba. Na kai ƙararsa wajen Maman Kenneth, maƙwabciyarmu, wadda sunanta Jane. Shekara ashirin tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, kuma tun muna amare muke miƙa wa juna tuwon Salla da shinkafar Kirsimeti ta kan katanga. Ta saurare ni ta yi dariya, ta ce in bar ta da shi.

Ranar wata Asabar cikin watan Rajab ta ɗauko fankarta, wadda lafiyarta ƙalau, ta ce in raka ta shago. Malam ya kunna, ya kasa kunne, ya dube ta.

"Madam, wannan ai babu abin da ya same ta."

"Na sani, Malam Kailani. Wani inji na kawo maka, ka gaya mini ko ka taɓa ganin irinsa."

Ta miƙa masa wayarta. Na leƙa ta kafaɗarsa. Wani ɗan abu ne a murɗe kamar guntun igiya, da wasu siraran wutsiyoyi biyar ko shida a gindinsa, yana kutsawa cikin wani ruwa mai kauri. Ta ce an girmama hoton ne sau dubbai, kuma wannan ita ce ƙwayar da ke cikinsa.

Malam ya taɓe baki. "Kaɗa jela take yi kamar tarwaɗa."

"Sake dubawa," in ji ta. "Ba kaɗawa take ba."

Ya ɗauko tabaransa mai ɗaurin waya a kunne ɗaya, ya kawo fuska kusa. Ya daɗe. Sai na ji ya ce a hankali, "Juyawa take yi."

Shi ke nan, an taɓo masa inda yake masa ƙaiƙayi. Ya ce abu ba ya juyawa sai da inji, ina injin? Ta nuna masa wani zane: a gindin kowace wutsiya akwai zobe mai juyawa a cikin zoben da ke tsaye, dashe a fatar ƙwayar. Malam ya dafe kai, ya ce wannan ai cikin fanka ne sak. Ya ce wa ke ba shi wuta? Ta ce ƙwayar da kanta take tara wani ɗan caji tsakanin cikinta da wajenta, kamar batir, kwararar cajin ce ke murza zoben. Ya ce yana juyawa da baya? Ta ce yana yi, idan injin ya juya ta ɗaya hannun sai ta ja da baya ta sake hanya. Wutsiyoyin suna tura ta kamar farfela, jikin nata kuma da yake a murɗe yake, sai ya riƙa huda gaba.

"To asid ɗin fa?" Ya faɗa da ƙarfi, kamar ya kama ta.

Ta ce ai ba a cikin asid take zama ba, gudunsa take yi. Bangon tumbi yana da wani yauƙi mai kauri da ke kare shi, can ƙarƙashinsa take nufa. A hanya tana fitar da wani sinadari da ke kashe tsamin da ke kewaye da ita, kuma da tsamin ya mutu sai yauƙin ya saki, ta samu hanyar iyo.

Na ce, "Af! Kamar yadda kanwa ke kashe tsamin yakuwa."

"Kin gama magana," in ji Maman Kenneth. Malam ya harare ni, wai na riga shi ganewa.

Ya yi ta maimaita hoton, ya fi sau goma. Can ya ce, "Subhanallahi. Ba goga, ba mai, ba ƙara. Shekara arba'in ina naɗi, ashe ana yin wanda ya fi nawa a cikin cikina." Ka ji mutum! Abin da ya hana shi barci shekara bakwai, shi yake yabo.

Maman Kenneth ta ce masa shan magani kwana huɗu raunanan kawai yake kashewa, masu ƙarfin suna can ƙarƙashin yauƙi su sake yaɗuwa. Ranar Litinin da ƙafarsa ya koma asibiti. Ya sha maganin kwana goma sha huɗu cif, yana yamutsa fuska yana mita, ni kuma ina tsaye a kansa da kofin ruwa. A ƙarshen Sha'aban aka sake gwaji, aka ce babu ita. Likita ya ce ya gwada azumin, in ya ji ciwo ya karya.

Kwana ukun farko ni ce ban da sukuni. Da ya motsa sai in ce, "Malam, lafiya?" Har ya ce in ƙyale shi haka nan, ba ƙwai ba ne shi. Aka yi huɗu, aka yi goma, aka shiga goman ƙarshe. Ya rame, wuyansa ya fito, amma kullum shi ke riga kowa zama a tabarma kafin a kira salla.

Ranar ashirin da tara, mun idar da isha'i ke nan aka sanar an ga wata. Unguwa ta ɗauki sowa. Na shigo da murnata ina cewa gobe Salla, sai na tarar da shi zaune ya haɗe rai.

"Wa ya gan shi?" ya ce. "A ina? Shekara bakwai ina jira, a rasa wanda za a ba ni sai mai ashirin da tara?"

Na buɗe baki zan yi masa tsiya, sai na ga hawaye na bin gemunsa. Ban taɓa ganin kukansa ba, ko ranar da aka binne mahaifinsa. Na zauna kusa da shi, ni ma nawa suka zubo.

Da ya share fuska sai ya ce, "Jibi ki tashe ni sahur. Zan fara Sitta Shawwal."