Mok Mai Jan Keken Tsohuwar Shanghai

A cikin kwale-kwale aka haifi Mok Yat-sing, a gaɓar kudancin Hong Kong, cikin dangin da tun kaka da kakanni kamun kifi ne abincinsu. Shi kaɗai ya zo da cikin da ba ya shiri da teku. Da igiyar ruwa ta ɗan ɗaga jirgi, sai ka ga Mok ya rataye a gefe yana mayar wa kifaye karin kumallonsa. Da ubansa ya gaji, ya sauke shi a tudu ya ce, "Je ka nemi abin yi inda ƙasa ba ta rawa."

Abin da ya samu shi ne keken ja, irin mai ƙafa biyu da mutum ke ja da fasinja a baya. Yana wannan aiki a bakin tashar jirgin fito, wajen ƙarshen shekarun 1950, wani mai kwat da karin harshen mutanen Shanghai ya hau ya ce a kai shi kamfanin fim. Da suka isa, mutumin ya sauko ya tsaya yana kallon ƙafafun Mok.

"Waɗannan ƙwaurin naka ne?"

"A'a, maigida, aro na yi."

"Gobe ka zo da su, har da keken."

Darakta Tong ke nan. Yana cikin waɗanda suka baro Shanghai da akwati ɗaya, kuma bai taɓa yafe wa Hong Kong zamanta Hong Kong ba. Duk finafinansa na rawa da waƙa ne, duk kuma a Shanghai ta kafin yaƙin duniya na biyu suke faruwa. Ya sa kafintoci sun gina masa titi guda da falanki da kwali a bayan kamfani. Daga gaba banki da gidan rawa, daga baya gonar kabeji da aladun wata tsohuwa.

"Ka san mai kallo?" in ji Tong. "Zai shigo silima da ƙunshin gyaɗa, yana laluben kujera, yana taka ƙafar mutane. Kafin ya zauna dole ya san wane gari yake, wace shekara ce, ni kuma ba lacca zan yi masa ba. Ƙararrawar taragon fasinja na cikin gari ta kaɗa. Ga hoton mai tallan sabulu a bango da irin gyaran gashin lokacin. Mai jarida ya ratsa yana ihun labarin shekarar. Sai kai ka gifta da tauraruwa a bayanka. Shi ke nan, an isa Shanghai, sai kiɗa."

"In na gifta sai me?"

"Sai ka fice mana! Wa ya ce fuskarka muke so?"

Haka Mok ya yi ta giftawa shekara da shekaru. Fim kan canza suna, taurari kan yi aure su tafi, titin kwali kan sha sabon fenti, amma ƙwaurin Mok na nan a farkon kowane labari. In Tong na son hunturu, tsakiyar zafin Agusta zai sa a zuba wa Mok rigar auduga mai kauri, ma'aikata su hau rufi suna yayyafa yankakkiyar takarda a matsayin dusar ƙanƙara, shi kuma yana ihu, "Karkarwa, Mok! Sanyi ake yi!" Wata rana Mok ya yanke jiki ya faɗi tsakanin sandunan kekensa, gumi har cikin takalmi. Aka yunƙura za a ɗauke shi, Tong ya daka tsawa: "Wanda ya taɓa shi ya bar aiki! Kyamara na tafiya. Ku dubi yadda sanyi ke kashe talaka!"

A ɗakin sutura ya haɗu da Pang Lai-chun, wadda aikinta shi ne ta yaga sabuwar riga ta yi mata faci, ta goga mata toka har ta yi kama da wadda ta ga yunwa. Da suka yi aure sai ta riƙa yaga masa riga da safe a kamfani, da yamma ta ɗinke masa tasa a gida, tana mita a duka biyun.

Da ya ɗan samu kuɗi, Mok ya je ya sa haƙorin zinare a gaba. Washegari aka zo babbar waƙar kasuwa, wadda kowa a titi ke buɗe baki yana amshi. Mok ya wage nasa, fitila ta haska, Tong ya kusa faɗowa daga kujera.

"Mai jan keke a shekarar yunwa, da zinare a baka? Ko ka cire, ko ka rufe!"

Mok ya rufe. Mai kifi na waƙa, ɗan sanda na waƙa, mabarata na juyi, shi kaɗai ya tsaya ya cije leɓe yana hararar darakta. Da fim ya fito, wani marubucin jarida ya cika shafi da yabon mai keken nan da baƙin cikin zamani ya hana shi waƙa. Aka karanta wa Mok, domin shi bai iya karatu ba, kuma daga ranar kansa ya kumbura. Ya fara gaya wa mutane a gidan shayi cewa shi asalinsa ɗan Shanghai ne.

"Kai wannan mutum," Lai-chun ta ce, "har yanzu warin busasshen kifi bai bar hammatarka ba."

Sai zamani ya juya, masu kallo suka koma son finafinan faɗa. Aka rushe titin kwali aka gina gidan shayi na zamanin sarakuna, aka aske wa Mok kai, aka riƙa jifa da shi kan tebura har bayansa ya ce ya isa. Ya koma gadin wani dogon bene.

Yana da furfura 'yarsa Suk-han ta kai shi Shanghai ta gaske. Tun daga tashar jirgin ƙasa ya fara ɓata rai. Kekunan hawa ko'ina, kowa na sauri, ba mai rawa.

"Anya nan ne? Kin tambaya da kyau?"

"Baba, ga sunan a rubuce."

Don ya nuna mata shi ɗan gida ne, ya tsaya gaban wata dattijuwa mai soya wainar nama ya gaishe ta da kalmomin da kafintocin Tong suka koya masa, suka ce gaisuwar manya ce. Dattijuwar ta zaro ludayi daga mai ta bi shi har kwanar titi, Suk-han na biye tana ba da haƙuri. Daga nan bai sake cewa shi ɗan ko'ina ba ne.

Ya rasu a kan kujerar gadinsa wata Talata bayan abincin rana, hula a kan fuska. Mazauna benen suka yi ta wucewa suna cewa, "Sannu da aiki, Kawu Mok," har la'asar kafin wani ya lura. Lai-chun ta yi kuka sosai. Da shugaban benen ya zo ta'aziyya yana cewa sun yi rashin mai tsaro, ta share hawaye ta ce, "Ku dai faɗi wani abin. Ko da ransa barci yake yi muku."