Inna Mai Shara, Ungozomar Maguna

Kafin a buɗe gidan biredin nan, Inna mai shara ta riga ta iso da tsintsiyarta. Amma ba ta fara shara sai ta zagaya bayan ɗakin fulawa, ta durƙusa gaban wani tsohon kwali, ta ce, "Maijego, an tashi lafiya? Yaya ƙwarin jiki?" Mage take gaisarwa. Masu kwaɓa fulawa, da ba sa rabo da tsokana, suka laƙaba mata Ungozomar Maguna, ita kuwa ta amsa sunan hannu bibbiyu.

Magunan nan su ke tsare fulawa daga ɓarnar ɓera, amma da zarar ɗaya ta haihu, kowa sai ya kau da kai. Inna ce ke shimfiɗa tsumma, ta ajiye ruwa da ɗan kifi a bakin kwali, don kada yunwa ta raba uwa da 'ya'yanta. Ba ta taɓa jariri sai ta goge hannunta da tsumman uwar, wai kada ta ji baƙon wari ta guje shi. Wanda ya ɗaga kwalin don gulma kuwa, ranar zai san tsintsiya ba shara kaɗai ta iya ba.

Kaɗan ne suka san ita ma ta sha yin jego, kuma ko ɗaya daga cikin 'ya'yanta bai rayu har ya fara tafiya ba. Direban motar biredi ya taɓa tambayarta, "Inna, wai me ya yi zafi haka a kan mage?" Ta ce, "Ɗan nan, na san yadda nono ke yi in babu mai sha." Bai ƙara tsokanarta ba.

Bana gwiwoyinta suka ƙi. Ɗan ƙaninta ya zo don ya tafi da ita wajensa ta huta, sai ga Baƙa, tsohuwar magen gidan, ta haihu. Nononta ya kumbura, ta kwanta ba ci ba sha.

"Gwaggo, mota fa na jira," in ji shi.

Ta ce, "To, ta jira. Wa ke tafiya ya bar maijego cikin zazzaɓi?"

Haka ta ci gaba da zuwa tana dogara sanda. Ta riƙa gasa wa Baƙa nono da ruwan ɗumi, tana ɗiga wa 'ya'yan madarar da likitan dabbobi ya ba ta. Biyu suka mutu a tafin hannunta. Ta binne su a gindin katanga, ta zauna a ƙasa ta yi kuka mai cin rai, ƙartin maza suka rasa inda za su sa idanunsu. Sai da Baƙa ta miƙe tana shayar da sauran, sannan Inna ta ɗaure kayanta. Ranar tafiya ba ta leƙa kwalin ba. Ta ce, "In na leƙa, ba zan tafi ba."

Inna, ke ce uwar waɗanda ba su da bakin cewa wayyo. Ke ce kika zuba wa abin da ba zai taɓa ce miki sannu ba ƙaunar da Allah bai bar miki inda za ki zuba ta ba. Mun gode, mun gode. Allah ya sassauta gwiwoyin nan, ya saka miki da mafificin alheri.

Ku kuma da mage ke tsare muku shago ko gida, ranar da ta haihu ku tuna ita ma maijego ce. A ɗakin fulawar nan wata magen ta yi nauyi, haihuwa yau ko gobe, kuma har yanzu ba wanda ya ce shi zai durƙusa.