Baba Abel Da Agogon Tsohuwar Fijo

Shekara arba'in da ɗaya ke nan, ƙarfe bakwai na safe tana yi wa Baba Abel mai wayarin mota a rumfarsa da ke bayan tashar Zuru, da batir ɗaya da ɗan ƙwan fitilar gwaji. Bai taɓa kafa allon talla ba. Direbobin Kanya da Dirin Daji ne ke yi wa juna kwatancen wurinsa.

Watan jiya wata malamar asibiti, Monica, ta kawo masa tsohuwar Fijon mahaifinta, Saja Yari mai ritaya. Tsohon ya daɗe kwance, burinsa a kai shi coci a motarsa, agogon gabanta na tafiya kamar da. Masu gyara uku sun ce agogon ya mutu.

Baba ya ciro shi, ya haɗa da batir, ya kara a kunne, ya ce da ransa. Ya cusa hannu ya bi wayar, sai ya dakata. Wani ya taɓa jona ta ba fiyus, ta goge ta tsinke, bakinta tsirara dab da ƙarfe. Ya ce gargada ɗaya ta isa motar ta kama wuta da tsohon a ciki.

Ya ja sabuwar waya, ya sa fiyus, agogo ya fara bugawa. Ya tambayi lokaci, ta miƙa masa wayarta ta hannu.

"Karanta mini, 'yata. Shekara uku rabona da ganin fuskar agogo."

Aaron direba, wanda Baba ya gyara wa fitilu a makon, ya zauna daɓas a kan taya. Ashe da zafin ƙwan a yatsa Baba yake gane wuta ta zo, wayoyi kuma da kaurinsu. Ya ce yanzu yatsun ma sun fara mutuwa, ba zai yi caca da ran mutane ba, wannan ne aikinsa na ƙarshe.

Baba, kai ne ka yi shekara uku cikin duhu kana kunna mana fitila, ba motar da ta dawo da ƙorafi. Mun gode. Matasan garejin Zuru, ku je ku zauna gabansa tun yana iya kama hannunku ya ɗora a kan waya.

Ran Lahadi Saja Yari ya je coci a Fijonsa, yana zaune a kujerar gaba.