Shekarun da Barci Ya Daina Hutar da Ni

Na daɗe ina ɗaukar gajiya a matsayin abin da yake zuwa da shekaru, kamar furfura. Ina koyar da ƴan ajin ƙarshe a wata lakwal da ke bakin gari, nan Matameye, kuma tun da na haura arba'in jikina ya fara cika. Na sayi babur, na daina tafiyar ƙasa. Tuwon dare sai na ƙara, fura kuwa ba na wuce ta. In na ratsa kasuwa mutane, da yake Mushe ake kiran malamin lakwal a nan, su ce, "Mushe, ka samu duniya, dubi wuya!" Ni ma in yi dariya.

Abin da ba su gani ba shi ne safiyata. Ina kwanciya da wuri, amma in tashi kamar na kwana ina sauke buhunan hatsi. Kai yana sara, baki a bushe, sallar asuba kuma ta soma kuɓuce mini. Wata rana ina yi wa yara dikte, wato shifta, ina zaune da littafi a hannu, sai na buɗe ido na ga aji tsit, kowa riƙe da alƙalami yana kallona. Ban san inda na tsaya ba. Na tambaye su kalmar ƙarshe, suka faɗa a tare, a hankali, kamar masu jin tausayina. Ran Juma'a ma, liman yana huɗuba, sai da na kusa da ni ya zungure ni da gwiwar hannu.

Matata ce ta fara cewa abin ya wuce gajiya.

"Malam, minsharinka na saba da shi," in ji ta. "Shirun ne yake tsorata ni. Sai ka yi ta ja, ka yi ta ja, sai kuma ɗif. Ƙirjinka yana motsi amma ba iska. Sai na girgiza ka, ka yi wani irin gurnani, ka ci gaba."

"Ni ban san an yi ba."

"Ai kai ba ka sani. Ni ce nake zaune."

Na dube ta, na ga ƙasan idanunta ya yi baƙi. Ashe mu biyu ne ba ma barci a gidan.

Da mahaifiyata ta ji, ta ce dannau ne. Ta aiko da rubutu da turaren hayaƙi. Na sha, na turara, don ban ga dalilin ƙi ba. Ba abin da ya sauya.

Cikin damina muka je suna a garin Dawce, ni da matata a kan babur. Muka ci shinkafa, muka kamo hanya bayan azahar. Ina tuna sanyin iska a fuskata da gero kore hagu da dama. Abin da na tuna bayan wannan shi ne ina kwance cikin gona, bakina cike da ƙasa, babur yana ta kuka a gefe. Ni ƙujewa kawai na yi. Ita kuwa salansa ta kwanta mata a ƙauri, ta ƙona ta ƙwarai. Wasu masu amalanke suka taimaka mana. Muka iso gida. Sai da aka ɗaure mata ƙafar ta ce, "Malam, Damagaram za mu."

Lokotoron, wato likitan da muka gani a can, ya auna tansiyona don duba hawan jini, ya auna nauyina, ya zagaya wuyana da tef kamar tela, ya leƙa maƙogwarona. Matata ta ciro wayarta ta kunna masa abin da ta naɗa ina barci. Ranar na fara jin kaina. Minshari, sannan shiru mai tsawo har na ƙosa, sannan wani ƙara kamar na wanda aka tsamo daga rijiya.

"Mushe," in ji lokotoron, "in ka yi barci naman maƙogwaronka yana saki, kitsen wuya ya danne shi, hanyar iska ta toshe. Jikinka ya farka don ya ceci kansa, ya koma, ya sake farkawa, har gari ya waye, kai ba ka sani ba. Wanda bai huta ba kuwa ci yake ƙarawa, motsi ya ragu. Ƙiba ta ƙaru, toshewar ta ƙaru."

Ya ce gwajin da zai tabbatar sai Yamai. Na yi doguwar tafiyar nan cikin bas, na kwana a asibiti da wayoyi manne a kai da ƙirji da yatsa. Sakamako ya fito yadda ya faɗa. Suka ce magani biyu ne: in rage nauyi, in kuma riƙa kwana da wani ɗan inji mai hura iska ta roba zuwa hanci, don hanyar ta zauna a buɗe.

Injin ba mai arha ba ne. Na sayar da babur, wanda da ma na fara jin tsoronsa, yayan matata da yake fatauci ya nemo mini ɗaya a Kano, na kai aka daidaita shi.

Ba zan ce na so shi ba. Da bazara robar tana manne wa fuska, zufa ta taru a ƙarƙashinta, igiyar ta bar mini sawu a kumatu har yara su yi ta satar kallo a aji. Sau da yawa na tuɓe shi cikin barci na yar. In kuran, wato lantarki, ya ɗauke kuwa, sai in farka ina haki, in zauna in jingina da bango. Sai da muka haɗa batir da farantin sola kafin abin ya ɗan daidaita. Amma akwai wata safiya da na tashi kaina wasai, na ji kiran salla tun daga farkonsa, na taka zuwa lakwal ban tsaya hutawa ba. Na manta cewa haka mutane suke tashi.

Rage nauyin ya fi injin wuya. Na rage tuwo, na bar lemon kwalba, da yamma in taka har bayan gari in dawo. Mahaifiyata ta ga na bar rabin kwano ta ce, "Ɗan nan, girkina ne ya daina yi maka daɗi?" Da rigunana suka fara yi mini yawa, waɗanda suke yaba wuyana a da suka koma tambayata a asirce ko lafiya. Nauyin ma ba ya tafiya kai tsaye. Ya sauka, salla ta zo ya hau, in sake farawa. Da na koma Damagaram bara, ina sa ran a ce in ajiye injin, lokotoron ya duba ya ce an samu ci gaba, amma da saura.

Yanzu ba na kwana inda ba kuran. Kwanan baya aka yi mana rasuwa a wani ƙauye kusa da Icirnawa, ƙanin mahaifina. Dangi duk suka shimfiɗa tabarmi za su kwana uku. Ni da la'asar na miƙe na yi sallama. Na ji wani yana cewa mutanen birni ba sa iya kwanan ƙauye. Na so in juya in yi bayani, sai na ga bayanin yana da tsawo, ni kuma ba ni da ƙarfinsa. Na taka zuwa bakin hanya, na zauna a gindin wata bishiyar bedi ina jiran motar da za ta koma Matameye.