Anti Mai Madubi Ta Ajiye Aiki

Kullum da safe takan wuce ta gaban layin marasa lafiya, ba wanda ya san ta, ta shige ɗakin baya inda warin maganin adana tsoka ke sa ido hawaye. Ta goge tabarau, ta sunkuya kan madubin awo. Mu ma'aikatan jinya na sashen masu cutar ƙanjamau Anti Mai Madubi muke ce mata. Mu ke kai mata ɗan fatar da aka yanko a jikin mara lafiya, ita kuma ta duba ko ciwon daji ne.

In garkuwar jiki ta yi rauni, dajin fata kan ɓad da kama. Ya zo kamar ƙurji ko tabon ƙuna, a yi ta shafa magani yana ci ta ciki.

Akwai wani tela da gyambo ya ƙi warkewa a yatsan ƙafarsa. Awon farko bai nuna komai ba, amma hankalinta bai kwanta ba, ta ce a sake yankowa, a zurfafa. Tela ya ƙi.

"Na gaji da asibiti," in ji shi. "Ƙwaya kullum, yanzu kuma wuƙa."

Sai ga ta ta fito, ta zauna kusa da shi a benci. "Ƙanena, ni ma na gaji. Baya ciwo, ido ciwo. Amma in na ce maka lafiya lau alhali ban tabbatar ba, na cuce ka."

Ya yarda. Daji ne, irin wanda ba kasafai ake gani ba. An cire yatsan, ƙafar ta tsira, yana nan yana taka kekensa.

Ba duka ne suka yi wannan sa'ar ba. Sau da yawa ta gama awo, mu ce mata ai mai shi ya rasu. Takan jawo na gaba.

Anti, ke ce idon waɗanda ba su taɓa ganin fuskarki ba. Yau idon ya gaji, kin ajiye aiki. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi.

Matasan likitoci, kujerarta ba kowa, fatun mutane kuwa ba su daina zuwa ba. Wani ya zo ya zauna.