Abin da Sabiru ya ajiye a firizar zoɓo

In ka je Gwiwa ranar kasuwa, ka duba rumfunan masu taki da maganin feshi, za ka ga wani dogo mai tabarau yana auna wa manoma magani a murfin kwalba. Sabiru ke nan, ɗan kawuna Malam Muhammadu Lawal na Roni. Taubashina ne, don haka ina da damar faɗin abin da na ga dama a kansa, kuma zan faɗa.

Tun muna yara shi ba ya ganin abu ya ƙyale. Tuwo ya kwana biyu ya yi gashi, kowa ya toshe hanci, Sabiru kuwa sai ya tsuguna yana leƙe kamar an ba shi ajiya. Da ya tafi jami'a ya yi digiri, ya ƙara, ya shiga na uku, na ce to, Roni za ta samu likita. Ashe yis ya je karanta! Na ce, "Kai Sabiru, duk wannan wahalar don ka buɗe gidan burodi ne?"

Ya yi dariya, ya zaunar da ni. Ya ce nasa yis ɗin ɗan uwan na burodi ne, amma mugu. Shi ke fesowa fari fat a harshen jarirai, in kuma ya shiga jinin wanda ciwo ya riga ya kayar, sai ya ƙarasa shi. A cikin kowace ƙwaya, in ji shi, akwai zaren halayen gado a naɗe tamau kamar zare a mazari, da wani gungun ma'aikata masu sassauta naɗin don a karanta abin da ake bukata. Aikinsa shi ne ya cire ma'aikaci ɗaya, ya raini yis ɗin a haka, ya ga me ya lalace. Sai ya sake da wani. Shekaru ya yi yana wannan, har ya samu wanda in babu shi, yis ɗin ba ya iya miƙa jijiyar da yake huda nama da ita. Kowane iri yana cikin 'yar robarsa kamar ɗan yatsa, a daskare. Su ne shaidarsa, in babu su babu digiri.

Sai aka shiga yajin aiki, aka rufe jami'ar, injin da ke ba ɗakin bincikensu wuta ya tsaya. Sabiru ya kwashe robobinsa, ya rufe a gwangwani, gwangwanin a cikin wani, ya sa a kula da ƙanƙara ya taho gida. Yayansa Falalu yana da firiza mai sola, matarsa Zulaiha tana zoɓo da kunun aya a ciki, da shi suke cefane. Falalu ya ba shi lungu ɗaya a can ƙasa, bai ma tambayi mene ne ba.

Bakin Sabiru ne ya jawo. Wata la'asar a majalisar ƙofar gida wani ya ce, "Malam, wai me ka kawo mana daga jami'a da ba ya son zafi?" Da ni ce, sai in ce masa magani ne, a wuce wurin. Amma Sabiru bai iya ƙarya ba, ko ta ceton kai. Ya gyara tabarau ya ce, "Ƙwayar cuta ce." Ya ci gaba da bayani, wai a rufe take, wai rabin mutanen da ke zaune a nan ma suna ɗauke da irinta a baki ba ta yi musu komai ba. Wa ya saurara? Kafin magariba duk unguwa ta san zoɓon gidan Falalu tare da cuta yake kwana.

Washegari ko leda ɗaya Zulaiha ba ta sayar ba. Wata ta zo har tsakar gida da ɗanta mai gudawa tana cewa Allah ya isa. Ban ga laifin Zulaiha ba da ta yi kuka, abincin 'ya'yanta ne. Haushina yana kan masu manyan riguna na majalisar nan, waɗanda suka ji bayanin da kunnensu, suka zaɓi kalma ɗaya suka kai wa matansu.

Kawu ya kira shi zaure. Ina ciki wajen Inna, matar Kawu, ina jin komai. Kawu ya ce, "Ka fitar da abin nan daga gidan ɗan uwanka."

Sabiru ya ce, "Baba, in suka narke aikina ya tafi."

"Na ce ka fitar."

Ya ce, "To, Baba." Shi ke nan. Mutumin da ke iya yin awa yana yi mini bayanin zare da mazari, a gaban mahaifinsa kansa na ƙasa, kalma biyu ya samu. Haka aka raine mu, kuma ranar nan na ji haushin tarbiyyar har cikin raina.

Ya ɗora kula a bayan acaɓa ya shiga yawo. Kazaure ya fara zuwa, wajen masu kemis da masu ƙanƙara, amma labari ya riga shi, don 'yan acaɓan da ke kai shi su ke kai labarin. Kowa sai ya ce, "Ayya Malam, ka yi haƙuri, babu wuri." Har ƙanƙarar ma wasu suka daina sayar masa. Ga bazara ta kankama. Robobin su narke, ya samo ƙanƙara su ɗan kama, su sake narkewa. Ni ko fanka ba ni da ita, balle firiza.

Wata safiya ya yi sallama a gidana ya ce in ara masa tsohuwar tukunya. Na ce, "Dakta, girki za a fara?" Bai yi dariya ba. Ya ce biyu sun fashe a cikin gwangwani, sauran ma bai san nawa ke da rai ba, kuma ba zai zubar a bola ba, yara na wasa a can. A bayan gidana ya haɗa murhu. Ya jera robobin cikin ruwa da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya, yana duba rubutun jikin kowace kafin ya saka. Ya zauna yana iza wuta har ruwan ya kusa ƙonewa. Ni ce na yi kukan.

Kawu ya sa masa albarka a gaban jama'a. Cinikin Zulaiha ya dawo. 'Yan majalisa suka ce ai ga shi nan, da ba mugun abu ba ne me zai sa ya dafa?

Kafin damina ta faɗi aka janye yajin aikin. A rediyo na ji, na yafa mayafi na tafi da sauri har ina tuntuɓe. Na same shi a zaure yana jiƙa irin gyaɗa. Na ce, "Sabiru, an buɗe! Ka tashi ka shirya!"

Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Hafsatu, in je in nuna musu me?"